Baffa, Wanda Na Kira Bare a Gaban Alƙali

Daga Allah muke, wurinsa kuma za mu koma, kowa da ranarsa. Ranar Baffa ta zo a tsakiyar daminar bana, da hantsi, a gidansa na Betso. Labarin ya same ni a gindin dalbejiyar ƙofar kotu a Mubi, inda nake rubuta wa mutane takardun ƙara shekara da shekaru. Wani mahauci ne ya tsaya a kaina ya ce, "Akawu, kana nan kana rubutu? Mai fata ya tafi." Bai jira amsata ba ya wuce.

Kafin in isa an riga an kai shi makwancinsa. Ruwa ya cinye hanya, babur ɗina ya kafe a laka sau biyu, daga ƙarshe na jingine shi a gidan wani manomi na ƙarasa da ƙafa. Na tarar da ƙofar gida ba masaka tsinke. Ga Fulani da sandunansu, ga mutanen kan dutse da suka sauko tun da safe, ga mahautan Mubi, ga tsofaffin 'yan Barno biyu da suka san shi tun zamanin babana. Wani tsoho yana ta rantsuwa cewa shekara hamsin bai taɓa ganin Baffa ya kai loma bakinsa a kasuwa ba, saboda kunya irin ta Fulani. Wani mahauci kuma yana ba da labarin ranar da Baffa ya ƙi sayen ƙirginsa, ya ce wuƙa ta huda shi wuri uku, sannan ya naɗe hannun riga ya koya masa fiɗa a gaban jama'a, shi da yake ɗan sarkin fawa. Aka yi dariya, mai ba da labarin ya share ido da bakin rigarsa.

Ni dai na raɓe can baya, kusa da inda aka tara takalma. Da so samu ne, in yi gaisuwa in sulale ba wanda ya gan ni. Sai Hamma, babban ɗan Baffa, ya hango ni. Ya dogara sandarsa ya miƙe a kan ƙafarsa ɗaya, ya ce, "Ku matsa masa, ɗan gida ne." Aka matsa. Na zauna a layin masu karɓar gaisuwa, mutane suna zuwa suna ba ni hannu suna cewa, "Ya haƙuri?" ina amsawa. Da yawa daga cikinsu suna kotu shekara huɗu da suka wuce, sun ji abin da na faɗa a kan mamacin da bakina. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan zaman ba, kuma kwana uku na yi a kan tabarmar nan.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zan faɗi wane ne shi, in kuma faɗi abin da na yi masa, domin in na faɗi ɗaya na bar ɗaya, na sake cutarsa.

Baffa ba ƙanen babana ba ne na jini. Babana Babarbare ne, ya zo Mubi daga Barno yana saurayi, da jaki ɗaya da wayon ciniki. Baffa kuwa ɗan ƙasa ne, uba Bafulatani, uwa 'yar Gude, manomi mai 'yan shanunsa. Babana ya auri ƙanwar Baffa, ta rasu wurin haihuwa ita da jaririn, tun kafin a auro mahaifiyata. Wani da an binne 'yar'uwarsa sai ya ja jiki. Baffa bai ja ba. Shi ya raka babana neman auren mahaifiyata, kuma ranar sunana ya turo karsana ya ce tawa ce, kamar yadda Fulani suke yi wa ɗan gida. Da 'ya'yan karsanar nan aka yi mini riga da littafi har na gama makaranta. Tun ina aji biyu yake kirana Akawu, yana cewa, "Akawu, zo karanta mini goshin babanka, yau akwai riba ko babu?"

Sana'arsu fata ce. Baffa ke shiga ƙauyuka da kan duwatsu, har tsallaken iyaka, domin yana jin Fillanci da yaren Gude da wasu biyu bayan su, kuma ba gidan da ba a ba shi ruwa. Babana ke sanin masu saye da masu mota. Mai unguwar Kolere ya ba su fili su biyun, a bakin hanyar da shanu ke bi zuwa kasuwa, ba takarda, sai goro da shaidu. Baffa ya sare ƙaya ya haƙa rijiya, babana ya kafa doguwar rumfar da ake rataye fatu a inuwa. Ina iya ganin Baffa har yanzu yana bin layin ƙiraga, yana ɗaga kowanne sama ya duba ta hasken rana, ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya sansana. Hausarsa irin tamu ce ta Mubi, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa. Yakan ce, "Fata ba ya ƙarya. Mai wuƙa ne yake ƙarya."

Ga wasan Fulani da Barebari kuma, wanda ba sa gajiya da shi. Da safe babana zai ce, "Bawana ya iso? Ɗebo mini ruwa." Baffa ya ce, "Ji ɓarawon jaki. Kakana ne ya saye kakanka da ƙwaryar nono, nonon ma ya yi tsami." Haka za su wuni. Baƙo in ya ji sai ya ɗauka yanzu za a zare wuƙa, alhali ƙwarya ɗaya suke shan fura, a bayan rumfa inda ba mai ganin Baffa yana haɗiya.

Wasan nan ne ya rikiɗe a shekarar ƙuri'ar raba gardama ta biyu, lokacin da aka ce mutanen ƙasarmu su zaɓa, ko Nijeriya ko Kamaru. Babana na Nijeriya ne gaba da baya, can danginsa da masu sayen fatarsa suke. Baffa bai faɗi nasa ba, amma kowa ya san rabin danginsa da kaburburan kakanninsa suna tsallake. Wata ranar kasuwa, rumfa cike da mutane, babana ya ce, "Ku ƙyale bawan nan nawa, ƙafarsa ɗaya tana can, in an kulle iyaka sai mu yanke ta." Ranar nan Baffa bai yi dariya ba. Ya ce, "Kai da ka zo jiya a kan jaki, kai za ka nuna mini inda ƙasana ya ƙare?" Babana ya mayar da wadda ta fi ta zafi, ya ambaci uwar Baffa da mutanen dutse. Baffa ya ɗauki sandarsa ya saɓa a kafaɗa ya fita. Harshe da haƙori ma sukan saɓa, kuma kafin wata biyu sun koma gaisawa, amma cinikin bai sake haɗuwa ba. Iyaka ta yi tsauri, fatar tsallake ta ragu, Baffa ya koma gonarsa a Betso. Ba su zauna sun raba komai ba, kowa yana jin nauyin ya fara.

Kwana uku bayan Babbar Sallar shekarar, babana ya rushe rumfar fatu ya fara gina shaguna a filin. Duk Kolere ta san ranar, domin da naman layya aka ciyar da magina. Baffa ya zo ya tsaya ya duba, ya ce Allah ya sa albarka. Mako na zagayowa sai ga shi da azara shida a kan jakai, ya ce na gonarsa sun fi na kasuwa ƙwari. Daga nan kowace ranar kasuwa sai ya biyo, ya ɗebi ruwa a rijiyar da ya haƙa, ya yi alwala, ya zauna a zaurenmu su taɓa hira da babana, ya ba mahaifiyata man shanu a ɗan ƙoƙo, ya kama hanya kafin la'asar. An ce zumunci a ƙafa yake, to Baffa ya taka nasa har takalmansa da yawa suka mutu. Maganar fili kuwa bai taɓa ɗaga ta ba, shekara tara.

Abin da ya buɗe bakinsa Hamma ne. Hamma ya shiga soja lokacin yaƙin basasa, ya dawo da ƙafa ɗaya. Mai ƙafa ɗaya ba ya noman dutse, ba ya bin shanu. Ya koyi ɗinki, yana neman wuri a bakin hanya inda zai ajiye keke ya ciyar da matarsa da 'ya'ya uku. Baffa ya zo zaure, ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi lafiyar kowa har da akuya, sannan ya ce da babana, yana kallon ƙasa, "Wannan wuri namu, ko za a duba wa yaron nan gefe ɗaya." Babana ya ce za a duba. Da Baffa ya tafi, ya ce da ni, "Gaskiyarsa ce. A yanka masa ta wajen rijiya."

Ni na hana. Na daɗe ina so in ɗora wa babana laifin nan, amma ba nasa ba ne. Zaman ƙofar kotu ya koya mini abin da alƙalai ke kira hauzi: in mutum yana gari, yana gani wani na rushewa yana ginawa a wurin da suke tarayya, ba abin da ya hana shi magana, ya yi shiru har shekara goma, to an rufe masa ƙofar ƙara. Na kuma ji ana cewa ƙorafin zaure ba ƙara ba ne, sai an kai gaban alƙali. Na ƙirga da yatsu, na ga saura 'yan watanni. Shagunan nan ni zan gada, kuma na riga na gama raba su a zuciyata. Na ce da babana ya yi ta ba shi haƙuri kawai, sauran ya bar mini. Aka ce da Baffa sai masu haya sun tashi. Aka ce sai an ga ƙarshen damina. Kowane zuwa da romon bakan da za a ba shi, shi kuma ya ce, "To, ba komai," ya tafi.

Ana saura kwana kaɗan a kama azumi sai ga shi a gindin dalbejiyata. Ya tsuguna kamar kowane mai neman a rubuta masa takarda, na yi maza na ba shi kujerata. Ya ce, "Akawu, Hammanka ya matsa mini, ya ce sai kotu. Ni ban san ƙofan wannan abu ba. Kai ne namu a nan. Rubuta mana, amma ka sa magana mai laushi, kada babanka ya ji zafi."

Takarda tana kan cinyata, alƙalami yana hannuna. Aikin minti goma ne, na yi wa baƙi irinsa ya fi a ƙirga. Na ce, "Baffa, ana shiga azumi da ƙara? Ka bari a sha ruwa, a yi layya, ni da kaina zan shawo kan Baba. In ya ƙi, ranar da ka zo zan rubuta." Ya dube ni, fuskarsa ta saki, ya ce, "Useko, na gode, ɗana. Ka sauke mini kaya. Dama ba na so." Ya ciro goro ɗaya ya ba ni, na karɓa na ci.

Bayan Babbar Salla da mako biyu Hamma ya gaji, ya sa wani ya rubuta, aka kira mu. Ni na tsaya wa babana. Na kawo shaidun ranar da aka sa tubalin farko, na ce shekara goma ta cika har da kwanaki. Alƙalin dattijo ne mai natsuwa, ban ga laifinsa ba ko ɗaya. Ya tambayi Baffa ko yana gari duk shekarun nan, ko ya ga ana gini.

"Ina gani, Allah ya gafarta malam. Har azara na kawo."

"To me ya hana ka magana?"

"Kunya ne. Mutum zai ce wa mijin ƙanwansa, tashi ka ba ni wuri?"

Alƙali ya ajiye alƙalaminsa. Ya ce in haka ne magana ta canza, domin shekara goma tsakanin bare da bare ce. Tsakanin dangi da surukai waɗanda ke zaman lafiya, shari'a ta san kunya takan rufe baki, saboda haka sai shekara arba'in. Ya juya wurin babana ya ce, "Mutumin nan naka ne?" Babana ya sunkuyar da kai, bakinsa ya fara motsi. Na san in aka ƙara masa numfashi biyu zai ce e. Sai na riga shi.

Na ce, "Allah ya gafarta malam, matar ta rasu fiye da shekara talatin, ba ta bar ɗa ba. Babu jini, babu aure. Kuma a shekarar ƙuri'a sun yi faɗa a bainar jama'a, ga waɗanda suka ji nan a zaune. Abokin ciniki ne da aka rabu. Bare ne."

Hamma ya yunƙura zai tashi, sandarsa ta zame, wani ya riƙe shi. Alƙali ya ce da Baffa, "Ka ji. Me ka ce?" Da Baffa ya ambaci karsana, ko rakiyar neman aure, ko man shanun kowane mako, da shaidu goma sun miƙe a take. Ya daɗe yana kallona, ba da fushi ba, kamar yadda yake duba ƙirgi ta hasken rana. Sannan ya ce, "Allah ya gafarta malam, yaron nan karatu ne da shi. In ya ce ni bare ne, ya fi ni sani. Ba zan ƙaryata shi a gaban mutane ba."

Alƙali ya sake tambayarsa har sau biyu, bai ƙara ko kalma ba. Aka kori ƙarar. A waje wasu suka ba ni hannu suna cewa na iya shari'a. Babana kuwa daga ranar bai sake zama a ƙofar shagunan ba.

Baffa bai daina zuwa kasuwa ba, amma ya daina shiga zaurenmu. In mun haɗu sai ya tsaya ya gaishe ni da ladabi, "Malam Akawu, kun wuni lafiya? Ya iyali?" Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na koyi gane rawaninsa daga nesa domin in canza hanya. Hamma ya kafa kekensa a wata 'yar rumfar kara a Betso, inda mai kawo ɗinki sai Salla. Da babana ya rasu shekara biyu da suka wuce, Baffa ya zo da sassafe, ya bi salla a sahun baya, ya yi gaisuwa a tsaye ya juya. An ce mini a hanya ya zauna a bakin rafi ya yi kuka har rana ta take, yana cewa ɓarawon jaki ya tafi ya bar shi. Tun rasuwar babana filin yake hannuna ni kaɗai, ba wanda zan laɓe a bayansa. Sau da yawa na ce gobe zan je Betso. Na san hanya, babur kuma yana da mai.

Ko zuwan nan na ta'aziyya, goro na kai da kuɗin buhun masara. Ban je da maganar fili ba, ina ma addu'ar kada kowa ya tayar da ita.

Ranar sadakar uku, da aka shafa fatiha, na yi sallama. Hamma ya ce zai taka mini. Na ce ya bari saboda laka, ya ce ya saba. Muka tafi a hankali, sandarsa tana nutsewa yana zarowa, har muka wuce gonar dawa. Nan ya tsaya.

Ya ce, "Baba ya bar saƙo. Ni da a nawa ne, wallahi ba zan faɗa maka ba, ko hannu ba zan ba ka ba. Amma ya sa na yi alkawari, har da inda za ka zauna in ka zo."

Na ce ina ji.

"Ya ce kada in sake kai ƙara, kada kuma in tambaye ka komai. Ya ce alƙali ya faɗa da bakinsa, tsakanin 'yan'uwa shekara arba'in ne. Goma sha huɗu ne ya wuce. Ya ce a ƙyale Akawu, yana da sauran lokaci."

Ya juya ya koma, bai jira in ce wani abu ba. Na tsuguna a bakin gonar nan, mutum mai 'ya'ya biyar, na yi kukan da ban yi ba ranar da babana ya rasu.

Da na koma Mubi na kira mai unguwa da igiyarsa, an auna, an yanke wa Hamma rabi ta wajen rijiya, da shaguna uku a kai. Kada kowa ya yaba mini. Wanda ya tsuguna a gabana yana roƙon a sa magana mai laushi bai ga ko ɗaya ba, kuma wannan ba ya gyaruwa.

Allah ya jiƙan Baffa, ya yalwata masa kabarinsa, ya haɗa shi da abokin wasansa a inda ba a ɓatawa. Allah ya ba Dada, matarsa, da Hamma da sauran 'ya'yansa haƙuri. Ku kuma da kuka kasance a kotu ranar nan, da ku da aka ba labari, ga shaidata a rubuce da hannuna, tunda da baki na ɓata: abin da na faɗa wa alƙali ƙarya ne. Mutumin nan baffana ne.